Kawu Gwadabe Mai Kaset da Muryar Malam Halliru

Kawu Gwadabe ƙanin mahaifiyata ne. A Wudil in ka ce Gwadabe kawai, sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Gwadabe mai kaset, ko masu soya kifi a bakin gada za su kwatanta maka shagonsa. Yana kan hanyar shiga kasuwa, tsakanin wani tela da mai facin taya, ɗan ɗaki ne mai ƙofar langalanga da benci guda a waje.

Da gyaran rediyo ya fara. Ya koyo a Kano yana saurayi, ya dawo gida da akwatin kayan aiki da wata tsohuwar rikoda mai baki biyu, wadda ake kwafar kaset daga wannan baki zuwa wancan. Daga baya ya sayi lasifika da makirfo, ya zama shi ake nema in za a yi maulidi ko saukar karatu ko wa'azi, daga Kausani har Ɗankaza. Ina yarinya nakan gan shi ya ɗaure manyan lasifikoki biyu a bayan babur, ya naɗe waya a kafaɗa kamar mai zuwa jan ruwa a rijiya.

Amma aikin da ya fi so shi ne ɗaukar saƙo. A wancan zamani babu wayar hannu, kuma mutanen ƙauye da yawa ba su yarda wani ya rubuta musu maganar cikinsu ba. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, za ka tarar da layi a bencinsa. Tsohuwa za ta shiga, Kawu ya ja labule, ya miƙa mata makirfo, ya danna jan maɓalli, ya fita waje ya ba ta wuri. Ta gaida ɗanta da ke Ikko ko Makka, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, wani lokaci ta yi kuka, wani lokaci ta yi faɗa. In ta gama sai a ba direbobin tirelar shanu kaset ɗin su tafi da shi kudu. Kawu bai taɓa sauraron abin da aka faɗa ba, sai farkon kaset kaɗai, don ya tabbatar murya ta kama.

Da wayar hannu ta shigo, layin ya ragu har ya ƙare. Aka koma memori, samari suka buɗe wuraren tura waƙoƙi. Kawu bai rufe shago ba. Kullum zai buɗe, ya share, ya goge kan rikodarsa da auduga, ya zauna. Inna Hauwa, matarsa, takan ce ya fi mai gadi zaman banza, shi kuma ya yi dariya ya ce ai ko ba kowa, kayan suna son a riƙa kunna su.

Ni Rahinatu, a lokacin na gama karatu na samu aiki a sashen kwamfuta na jami'ar garinmu. Wata rana na biya ta shagon na tarar da wani dattijo ya kawo kaset ɗin karatun mahaifinsa, yana tambaya ko za a iya mayar masa da shi cikin waya. Kawu ya ce masa ba shi da abin yi. Dattijon ya mayar da kaset ɗin aljihu ya tafi. Na ga yadda Kawu ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

Ina da wata tsohuwar kwamfutar cinya da na yi karatu da ita, ta yi nauyi har ba ta iya ɗaukar manhajar da ta zo da ita. Na goge ta na sa mata wani tsarin manhaja, Linux, wanda kyauta ne, kuma tsofaffin kwamfutoci suna samun numfashi da shi. Na sa manhajar ɗaukar sauti, na kai masa ranar Asabar da hantsi.

Muka kunna, na buɗe wani karatu don ya ji. Allo ya nuna karatun yana tafiya, amma ba abin da ya fito. Na ƙara sauti har ƙarshe, shiru. Na kashe na sake kunnawa, shiru. Na fara danne-danne ina buɗe wannan ina rufe wancan, gumi yana karyo mini.

"Rahina, dakata," in ji Kawu. "Ni ban san wannan abin ba. Amma in lasifika ta ƙi magana a wajen maulidi, ba na taɓa komai sai na bi waya. Daga makirfo zuwa injin, daga injin zuwa lasifika. A nan ciki, sautin ta ina yake bi?"

Na zauna na yi masa bayani yadda na sani. Na ce a can ƙasa akwai katin sauti, shi ne ƙarfen da ke fitar da ƙara. A kansa akwai wani sashe na Linux da ake kira ALSA, shi ke magana da katin kai tsaye. Sama da shi kuma akwai mai rarrabawa, wanda ke karɓar sauti daga kowace manhaja ya haɗa su ya tura inda ya dace. Sannan manhajar da muke gani a allo.

"To ai injina ne," ya ce. "Mai rarrabawar nan shi ne teburin da nake murɗa maɓallai. Manhajar tana magana?"

"Tana yi, Kawu. Ga layin yana motsi."

"Mai rarrabawa yana ji?"

Na duba, shi ma ma'auninsa yana rawa. "Yana ji."

"Saura na ƙasa."

Na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, na rubuta alsamixer. Wasu dogayen sanduna suka fito a jere, kowanne da suna a ƙarƙashinsa. Kawu ya gyara tabarau ya matso. Ya ce waɗannan ya gane su, irinsu ne a jikin injinsa, sai dai nasa da hannu ake turawa. A ƙarƙashin sandan lasifika akwai haruffa biyu, MM, alamar an toshe bakinsa. Na matsa kansa na danna M. Karatun ya fashe a ɗan shagon nan da ƙarfin da na bari a ƙarshe, har tela ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Tun daga ranar Kawu bai ƙara jin tsoron kwamfutar ba. Bai iya Turanci sosai ba, amma ya haddace siffar kalmomin da yake buƙata. Na nuna masa yadda zai jona rikoda da kwamfuta, da yadda zai zaɓi ƙofar da sauti zai shigo, don in bai zaɓa ba, kwamfutar ƙaramin makirfon jikinta take saurara, ta ɗauko masa hayaniyar babura maimakon kaset. Wannan ya same shi sau ɗaya, ya ɗauki gefen kaset guda cur, da ya kunna sai ya ji kansa yana cinikin rake da wani mai tura baro.

Akwai kuma wani gurnani da ya dame mu, wani "zuuu" da ke bin ƙarƙashin kowace murya. Ni na yi ta neman dalili a cikin manhaja, shi kuma ya lura cewa in an ɗauke wuta gurnanin yana tafiya. Muka haɗa abin da na karanta da abin da ya gani, muka gane caja ce ke shigo da shi. Daga nan in zai ɗauki sauti sai ya zare caja, kwamfutar ta yi aiki da batirinta.

Labari ya bazu, benci ya sake cika, sai dai yanzu ba saƙo ake kawowa a aika ba. Tsofaffin kaset ake kawowa, a ƙulle cikin leda ko tsumma, wasu bera ya ci kwalinsu, wasu zaren ya tsinke Kawu ya liƙa shi da man farce. Tafsirin malaman da suka rasu, waƙoƙin biki, muryoyin iyaye. A shekarun nan ne na fi ganin Kawu cikin walwala. Ko da aka sabunta Linux ɗin, mai rarraba sautin ya canza zuwa wani sabo da ake kira PipeWire, bai damu ba. Ya ce an canza tebur ne, waya tana nan inda take.

Ana haka ramin da ake jona waya a jikin kwamfutar ya lalace, ya yi ta ƙarƙara. Na sayo masa wani ɗan katin sauti na waje, mai araha, wanda ake cusawa a ramin USB. Muka gwada, layi ya motsa, sauti ya fita tas. Na koma wurin aiki hankalina kwance.

Aikin farko da ya yi da sabon katin na wata mata ce daga Indabo, Baba Barakatu. Ta zo ranar kasuwa da 'yarta A'isha, wadda ita ma ta manyanta, da goyo a bayanta. Mijin Baba Barakatu, Malam Halliru, manomi ne da ke zuwa cin rani Ikko. Yakan aiko da kaset ta hannun direbobi. Ya rasu A'isha tana ƙarama, ba ta san shi ba sai a bakin mutane. Kaset guda ne ya rage, kuma rikodar gidan ta daɗe da mutuwa. Kawu ya karɓa, ya ce su dawo Juma'a mai zuwa.

Ranar da suka dawo ina shagon. Baba Barakatu ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama.

"Malam Gwadabe, ina wuni. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya hanya? Ya mutanen Indabo?"

"Suna gaishe ka. Ya iyali, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki? Ku shigo daga ciki."

Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta kujera. Kawu ya kunna. Murya ta fito, ta yi sallama, ta fara gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. A'isha ta sunkuyar da kai, hawaye ya fara zubo mata. Amma tsohuwar ba ta motsa ba. Ta karkata kunne ta saurara, can ta ɗaga hannu.

"Malam Gwadabe, maganar tasa ce. Amma wannan ba muryarsa ba ce."

Kawu ya tsayar. "Baba, kaset ɗin da kika kawo ne. Ban haɗa shi da na kowa ba."

"Ban ce ka haɗa ba. Sunayen duk namu ne. Sai dai Malam ba ya sauri in yana magana, kuma muryarsa tana da kauri. Wannan kamar ƙaninsa ne."

A'isha ta ce, "Inna, shekarun da yawa fa. Ko kin manta ne?"

Tsohuwar ta dube ta kawai.

Kawu ya ce su ba shi zuwa la'asar, su je su gama cin kasuwarsu. Suka fita. Bai san Malam Halliru ba, kuma lasifikar jikin rikodarsa ta daɗe da mutuwa, ta kwamfuta kaɗai yake jin abin da ya ɗauka. Ba shi da abin da zai gwada da shi. Amma ya ce matar da ta zauna da mutum ba za ta ɓata muryarsa ba.

Rikodarsa ya fara zargi. Ya ce in robar da ke juya kaset ta saki ko injin ya rikice, gudu yakan canza. Ya kwance ta, ya duba robar, ya sa wata, ya sake ɗauka. Muryar ta fito yadda ta fito da farko. Ya aiki mai faci ya aro masa rikodar wani mai shayi, muka jona ta, muka sake. Duk ɗaya.

"Rikoda biyu ba za su yi ƙarya iri ɗaya ba," in ji shi. "Ko dai tun a Ikko aka ɗauke shi haka, ko kuma a nan ne."

"Da tun a Ikko ne, Kawu, da haka ta saba jin sa a gida. Ba za ta ce ya canza ba."

Ya gyaɗa kai. Ya zare wayar rikoda daga sabon katin, ya ɗauko tsohon makirfonsa na maulidi ya jona. Ya ce in danna maɓallin ɗauka. Ya yi gyaran murya ya ce, "Assalamu alaikum, Gwadabe ne ke magana, ana ji na?" kamar yadda yake yi a gaban taro. Na tsayar na kunna. Sai ga wani siririn Gwadabe mai gaggawa yana tambaya ko ana jin sa. Dariya ta ƙwace mini. Shi ma ya yi murmushi, ya ce rabonsa da wannan murya tun kafin ya yi aure.

Yanzu mun san ba kaset ba ne, ba rikoda ba ce. Tsakanin sabon katin ne da manhajar. Nan aikin ya dawo kaina. Na yi masa bayani cewa kwamfuta ba ta ɗaukar sauti a dunƙule, gutsuttsura shi take yi, dubbai a cikin daƙiƙa guda, in za ta kunna sai ta jera su da gudun da aka gaya mata. Na duba manhajar, na ga tun zamanin tsohon katin an saita ta a kan dubu arba'in da takwas, kuma tana ɗauka kai tsaye daga katin, ba ta bi ta wurin mai rarrabawa ba. Na tambayi ALSA abin da sabon katin yake bayarwa. Ya amsa cewa ya yarda da dubu arba'in da takwas, amma alamu sun nuna dubu arba'in da huɗu da ɗari yake zubowa. Manhajar tana karɓar kaɗan, tana kunna su da gudun masu yawa, shi ya sa magana take sauri, murya take sirancewa.

"Kamar in ɗauka da batir mai rauni, in kunna da wutar NEPA," in ji Kawu.

"Haka ne, Kawu."

Na mayar da manhajar kan dubu arba'in da huɗu da ɗari. Ya sake magana a makirfo, muka kunna, Gwadaben da na sani ya fito da 'yar shaƙewarsa. Sannan ya mayar da kaset ɗin Malam Halliru farko, ya zare caja, ya ɗauka daga sallama har ƙarshe. Wannan karon bai fita waje ba, amma ya rage sautin ƙasa ƙasa, yana kallon layin a allo.

Bayan la'asar suka dawo, A'isha da ƙullin kayan miya a hannu. Kawu ya kunna. Sallamar ta fito a hankali, da kauri, irin ta mutumin da ba ya gaggawar komai. Baba Barakatu ta ajiye sandarta a jikin bango.

"Shi ne," ta ce.

Malam Halliru ya gaida mahaifiyarsa, ya gaida yayyensa da maƙwabta, kowa da sunansa. Ya ce a gyara rufin ɗakin kudu kafin ruwa ya sauka. Ya ce Ikko ruwa ake yi ba dare ba rana, kuma tuwonsu ba ya riƙe ciki. A bayansa ana jin hon ɗin motoci da wani yana kiran sunansa. Can ya ce, "Ina A'isha? An ce ta fara tafiya. A kawo ta kusa da rikoda ta ji ni." Ya yi shiru na ɗan lokaci, kamar yana jira a kawo ta, sannan ya kira sunanta sau biyu.

A'isha ta kwance goyonta ta rungume shi a ƙirji. Ni na tashi na fita wajen benci, na tarar tela ya tsayar da kekensa.

Da suka gama, Kawu ya tura musu a wayar A'isha, ya kuma sa a memori guda ya ba tsohuwar tare da kaset ɗinta. Ta ƙulle su a bakin zane. Ta yi masa addu'a mai tsawo, ta haɗa da iyayensa, ta juyo ta haɗa da ni. Mun ji daga baya cewa ranar da suka koma, gidan ya cika da 'yan'uwa, aka yi ta kunnawa har batirin wayar ya ƙare, wasu tsofaffi suna amsa gaisuwar da aka yi musu da sunansu.

Kawu ya ci gaba da aikin wasu shekaru. A hankali kaset ɗin da ke gidajen mutane suka ƙare, wanda za a kawo an kawo, wanda ya lalace ya lalace. Kunnensa na hagu kuma ya yi nauyi, sai ya juyo da na dama in ana masa magana. Bara ya bar shagon. Wani ne a ciki yanzu yana sayar da gilashin waya da caja, ya yi wa ƙofar shuɗin fenti. In na wuce ta wurin da yamma nakan rage tafiya, ban san dalili ba.

Kayan suna zaurensa a gida, a kan tebur, an lulluɓe su da tsohon zanen gado. Jefi-jefi wani yakan zo daga nesa da kaset guda, an kwatanta masa gidan. In an samu irin wannan, Kawu yakan yi wanka ya sa farar riga kafin ya zauna, kuma ba ya yarda a yi masa shara a zauren sai ya gama.

Makon jiya na je gaishe su. Ɗansa Ja'afar ya aiko masa da wata ƙaramar lasifika marar waya daga Abuja, ya ce zai fi jin daɗinta. Na same shi ya ajiye ta a gaban kwamfutar yana juya ta a hannu.

"Kwamfutar ta ce ta gan ta, sun gaisa, amma sautin ta jikinta yake fita," ya ce. "Na duba na ƙasa, ba a toshe komai ba. Ina jin mai rarrabawa ne bai san an yi baƙuwa ba."

Inna Hauwa ta leƙo ta ce abinci yana hucewa. Ya ce mata yanzu za mu shigo. Na jawo kujera na zauna kusa da kunnensa na dama, na buɗe wurin da ake zaɓar inda sauti zai fita.